Tubali Uku a Bayan Gidan Mai Dabino

Ku yi ta dariyarku. Na ji abin da Habu ya faɗa jiya a bakin famfo, wai Baba Tanimu ya hau jirgi, ya tsallake teku, ya zo har Riyad don ya kwaɓa laka, abin da yara ke yi a bakin rafi ba tare da biza ba. To madalla. Ku da kuka iya siminti da bulo ku jawo tabarmarku kusa, yau Juma'a ce babu shugul, ba mai fita aiki, shayin nan kuma bai ƙare ba. Zan ba ku labarin laka. In na gama, wanda ya ga aikin banza ne sai ya biyo ni jibi in ba shi ramin kwaɓi ya gwada.

Ni gini gadonsa na yi a Zariya. Kakana magini, ubana magini. Shekara uku na yi ina taka ƙasa kafin mahaifina ya bar ni na ɗora tubali ko ɗaya a kan katanga. A haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa, a watsa ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ka shiga da ƙafafunka ka yi ta kirɓawa har cinyarka ta yi tsami. A bar ta ta kwana, gobe ka dawo ka sake, haka har ta ruɓa warinta ya canja. Mahaifina ba ya tambaya ko ta yi. Ɗebowa zai yi ya dunƙule ya maka a jikin bango. In ta manne ya ce, “To.” In ta faɗo sai ya dube ni ya wuce, ni kuwa da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tubalinmu da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, a jera a rana ya bushe. Kowane magini akwai yadda nasa ke fita, don shatin yatsunsa na nan a jiki. Akwai kuma maganar da mahaifina ba ya gajiya da faɗa: “Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magini ba ya tashi aiki ya bar kafa a bayan gidan mutane.” Kafa a bango, a wurinsa, ƙofa ce ta ruwa da ɓera da maciji, in ta yi girma ta zama ta ɓarawo. Ya taɓa tashina daga kan tuwo ya maida ni unguwar da muka yi aiki, saboda rami ɗaya da ɗan yatsa ne kawai zai shiga. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Da siminti ya cinye sana'armu a gida, na zo nan da iƙamar lebura, wato takardar izinin zama, kamar kowannenku. Shekara shida ina ɗaukar bulo a dogayen benayen arewacin gari, ina kwana a nan Sulai, ban taɓa gaya wa kowa ni magini ba ne. Wa zai tambaye ka? Sai kamfaninmu ya sami aikin gyaran tsofaffin gidajen ƙasa a wani ƙauye da ke bakin kwari, bayan gari kaɗan, aka kwashe mu aka kai can. Ranar farko na ga abin da ya hana ni cin abinci. Su kwaɓa ƙasa da safe, kafin azahar sun shafa ta a bango, har da ɗan siminti a ciki wai don ta yi ƙarfi. Kai jama'a! Na haɗa ɗan Larabcin da na iya na ce wa injiniyan da ke kula da mu, Muhandis Adil, wannan yaɓen ba zai ga baɗi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ka iya?” Ya ba ni katanga ɗaya da kwana goma. Da ruwan hunturu ya sauka, nasu ya kwakkwaɓe ya zubo, nawa ko gezau. Daga ranar aka daina ce mini “ya sadik”, kiran da ake yi wa kowane lebura, aka koma Mu'allim Tanimu, aka ba ni mutum takwas a ƙarƙashina.

A waɗannan gidaje na san ashe ba mu kaɗai Allah ya ba hannu ba. Maginan nan na da, Allah ya jiƙansu, gwanaye ne na gaske. Ba su da giginya balle azara, sai wani siririn icce na bakin kwari, amma dubi yadda suka jera shi, suka shimfiɗa zarben dabino a kai, suka daɓe da ƙasa, rufin ya fi shekara ɗari yana nan. Katanga a gindi ta kai kamu biyu, tana hawa tana sirancewa. Can sama sun bar 'yan tagogi masu kusurwa uku, iska ta shiga rana ba ta shiga ba. Ka fito daga zafin nan da ke narkar da takalmi, ka shiga ɗakinsu, sai ka ji kamar ka sa kai a randa. Tubalinsu kuwa ba irin namu ba ne, a akwatin katako suke bugawa, mai kusurwa huɗu. Nakan tsaya in ɗora tafina a kan shatin yatsun wani da ya yi yaɓe tun kafin a haifi kakana, in ga hannunmu ya zo ɗaya.

Kayan aikina ba su da yawa: akwatin buga tubali, igiya, kwanon sarki, cokalin magina da ba na cika amfani da shi ba, da wani guntun icce da nake ƙwanƙwasa bango da shi. Wannan iccen shi ne kunnena. Bango mai lafiya amonsa daban, wanda gara ta ci cikinsa daban, wanda aka yi wa ciko daban. Amma kamfani na da doka ɗaya da aka karanta mana tun ranar farko, kowa da yarensa: kada a toshe komai, kada a fasa komai, sai mai hoto ya ɗauka, an auna, Muhandis ya sa hannu. Wanda ya karya, sallama ce, babu roƙo. Ni a raina na ce wannan doka ta waɗanda ba su san aiki ba ce.

Gida mafi girma a ƙauyen na wani attajirin dabino ne na zamanin da, mu Gidan Mai Dabino muke ce masa. Jikokinsa ne suka ba da kwangilar, suna so a gyara a buɗe wa masu ziyara. Wata Alhamis da la'asar, Muhandis ya riga ya tafi, na zaga bayan gidan ina duba katanga. Wani matsattsen lungu ne, mutum biyu ba sa jerawa. Daidai ƙuguna na ga kafa a bango, faɗinta bai wuce bakin tukunyar miya ba. Na zura hannu. Ba ta tafi kai tsaye ba, ta lanƙwasa gefe, sai ka lanƙwasa gwiwar hannu kafin ka kai ƙarshe. Na leƙa ban ga cikin gida ba. Bakinta ya yi baƙi, ya yi sumul, da ɗan danƙo. Na zaga ciki na duba, na tarar ta ɓullo a jikin jussa, wato rumbun da suke ginawa a cikin ɗaki suna danne dabino a ciki.

Nan take na yanke hukunci. Na ce ɓeraye ne suka yi hanya zuwa dabino, shekara da shekaru suna gogar bakin da jikinsu. Ga hadari ya haɗo ta yamma, ruwa ya shiga nan sai ya ci gindin katangar. Mai hoto kuma sai Lahadi. Akwatin buga tubali yana sito a kulle, amma akwai wasu tubala irin namu na gida da na mulmula da ragowar ƙasa, don in nuna wa abokan aikina 'yan Pakistan yadda muke yi a Zariya, sun bushe a bayan rumfa. Na ɗauko uku na cusa, na cike da kwaɓi, na yaɓe, na bi da tafin hannu yadda shatin zai bi na mutanen da. Na debo ƙurar lungun na shafe. Wallahi aiki ya yi kyau. Ranar Lahadi mai hoto ya zo ya ɗauki katangar tun daga farko har ƙarshe, bai ga komai ba. Na yi ta jin daɗi a raina, ina cewa da mahaifina na nan da ya ce, “To.”

Bayan shekara biyu Dakta Nasir ya fara zuwa. Ɗan garin nan ne, malamin tarihi, siriri, motarsa kullum cike da takardu da ƙura. Masu ziyara iri-iri na gani a wurin nan. Akwai masu zuwa su jingina da bango a ɗauke su hoto su tafi, akwai mai tambayar ina aka ɓoye na'urar sanyaya ɗaki, akwai tsofaffin da za su shiga zaure su fito suna share ido. Shi Dakta ba ya shiga ta ƙofar gaba. Duk gidan da ya je sai ya ce a nuna masa baya. Wata rana ya same ni ina shan shayi a inuwa, ya zauna a ƙasa kusa da ni da farar rigarsa, ya ba ni labarin abin da yake nema.

Ya ce a Ingila ya yi karatu. Shekaru ya yi a ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu na ƙananan garuruwansu, yana bin diddigin yadda suke ciyar da talaka a zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan mulki, shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ya ce a lokacin in yunwa ta ci ƙarfin mutum, akwai gidan gajiyayyu da zai shiga. Za a ba shi abinci, amma sai an rubuta sunansa, an raba shi da matarsa, an sa masa tufafin gidan, an ba shi dutse ya fasa. Ranakun hutu kuma ya bi manyan gidajen masu kuɗinsu na da, waɗanda aka buɗe wa baƙi, kowa na kallon kujeru da madubai, shi yana neman ƙofar da mabuƙata ke tsayawa.

“Mu'allim,” ya ce da ni, “a can na san sunan mayunwacin da ya mutu tun kafin a haifi kakana, na san har abin da ya ci ranar Talata. A nan garinmu na san an yi yunwa, na san an ciyar, amma babu takarda. Mai bayarwa ya ɓoye, mai karɓa ya ɓoye. Takarduna su ne tsofaffi da bangaye.”

Ya tambaye ni mu yaya muke yi a Zariya. Na ce mu a zaure ake bayarwa, ko a aika da akushi gidan da aka san babu, a yi sallama a miƙa, a yi godiya a ce a gaida mutanen gida. Ya ciro littafi ya rubuta har da sunana.

Mutumin nan ya iya aikinsa, ba na ɓoye muku. Na raka shi wurin tsofaffi sau da dama, don yana so in duba musu bangayen da suke kwatantawa. Zuwan farko ba ya tambayar komai, gahawa kawai zai sha ya tambayi lafiyar jikoki. Zuwa na biyu haka. Sai a na uku zai ajiye 'yar na'urarsa ta ɗaukar murya ya nemi izini. Ba ya katse tsoho ko zai maimaita labari sau biyar. Kuma duk daɗin labari, ba ya sa shi a littafi sai ya sami shaida ta biyu, ko bakin wani, ko jikin gini. Yakan ce labari da shaida ɗaya katanga ce ba tushe. Wannan kam yaren magina ya yi, na gane shi sarai.

Sai ga shekarar da farashin mai ya faɗi. Wasunku ba su zo ba tukuna. Kamfanoni suka yi ta sallamar mutane, benaye suka tsaya rabi, ƙarafa a tsaye a sama. Ɗakin nan da muke zaune mu goma sha biyu ne a ciki, kafin azumi mun koma biyar, sauran an buga musu huruj, bizar fita ba dawowa, sun tafi gida da jaka ɗaya. Duk wanda ke da aiki a hannu ya riƙe shi da haƙori. Ni kuwa ga 'ya'ya mata biyu a makaranta, ga mahaifiyata a kwance. Jikokin Mai Dabino suka matsa a gama a buɗe. Aka zana cewa za a rushe katangar baya a yi babbar ƙofa, don masu ziyara su riƙa shigowa daga wurin ajiye motoci.

Dakta ya ce bai yarda ba. Ya ce akwai wani tsoho mai sayar da dabino a kasuwar Utaiƙa, Abu Salim, wanda ya gaya masa cewa a wannan katanga akwai kafar da talakawan ƙauyen ke zura hannu su ɗebi dabino a shekarun yunwa, ba wanda ya ga fuskarsu, su ma ba su ga ta mai zubawa ba. Ina tsaye a wurin da kwanon sarki a hannu lokacin da ya faɗa. Sai da na ajiye kwanon a ƙasa don kada ya suɓuce. Muhandis Adil ya buɗe hotunan katangar a kwamfuta ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya.

“Ina kafar, ya Dakta? Kawo tsohon naka ranar Alhamis. In ya nuna mana, katanga ta tsaya. In babu, ranar Lahadi motar rusau za ta shiga.”

Saura kwana uku ke nan Alhamis ta zo, kuma na yi su ina lissafin abu ɗaya. In na yi shiru, babu mahalukin da zai sani, mota za ta ture katangar har da tubalaina uku su koma ƙasa. In na yi magana, na karya dokar da aka karanta mini, a shekarar da ko wanda bai karya komai ba ana korarsa. Na ce wa kaina ai tsoho ne, wataƙila ma ba zai iya zuwa ba.

Ya zo. Ranar Alhamis da hantsi Dakta ya fito da shi daga mota, dogon tsoho da ya ranƙwafa, ya haura tamanin, idonsa ya yi fari-fari, da sanda a hannu. Bai tsaya gaisawa da yawa ba, ya ce a kai shi lungun. Ya ƙirga taku daga kusurwa da bakinsa, ya tsaya, wallahi daidai wurin. Ya ba Dakta sandar. Sai ya ɗaga hannuwa biyu sama da kansa, ya fara shafa bango can sama, yana ɗage.

A nan na gane abin da ke faruwa. Yaro ne ƙarami lokacin, ɗage yake yi kafin ya kai. Jikinsa ya riƙe cewa kafar tana sama. Ita kuwa tana nan daidai ƙugunsa, rigarsa har gogar yaɓena take yi.

Ya shafa dama, ya shafa hagu, bai sami komai ba. Muhandis ba mugu ba ne, amma ya duba agogo, ya ce a hankali, “Ya ammi, wataƙila wani gidan ne. An daɗe.” Wani daga cikin jikokin mai gidan ya ce wa na kusa da shi tsufa ne, ruɗewa ce, kuma ya faɗa da ƙarfin da tsohon ya ji. Abu Salim ya sauke hannu ya juyo.

“Ni ban ruɗe ba, ya waladi. Da dabinon gidan nan uwata ta raya mu mu uku bayan ubanmu ya mutu. Sama da shekara saba'in ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana, don kunya. Yau da na faɗa sai in zama maƙaryaci?”

Dakta ya sunkuyar da kai. Ya kama hannun tsohon zai maida shi mota.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ranar da aka tashe ni daga kan tuwo. Na ce a raina, Tanimu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ciro guntun iccena daga aljihu na ce, “Dakta, dakata.” Na ƙwanƙwasa bango daga kusurwa ina tafe, kowa na jin amon yana fita daidai, har na zo wurin, amon ya canja. Na ce wa Muhandis, “Kira mai hoto. Wannan karon a ɗauka tukuna.”

Da hannu na fasa, ban sa ƙarfe ba. Yaɓen ya ɓare, na zaro na farko, na biyu, na uku, na jera su a ƙasa. Tubala uku masu faɗin gindi da tsukakken kai, a cikin katangar da duk tubalinta mai kusurwa huɗu ne. Ba sai an tambayi wanda ya yi ba. Duk da haka na faɗa da bakina, na ce ni na toshe, ranar kaza, ban nemi izini ba, na ɗauka ramin ɓera ne. Muhandis ya dafe kai ya ce, “La haula wa la ƙuwwata. Kai, Mu'allim? Kai?”

Na share bakin kafar da gefen rigata, baƙin nan mai sumul ya fito. Na kama hannun Abu Salim na sauko da shi ƙasa na ɗora a kai. Ya shafa, sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Ashe ni ne na yi tsawo.” Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, mu biyu muka tallafe shi, ya zura hannu har kafaɗa, ya lanƙwasa shi ba tare da wani ya gaya masa akwai kwana a ciki ba.

Ban ga lokacin da Dakta ya bar wurin ba. Ashe ya zaga da gudu, ya ɗebi dabino a rumfar da muke shan shayi, ya shiga ɗakin jussa. Sai muka ga tsohon ya ƙame. Ya zaro hannu a hankali, ga dabino biyar a tafinsa. Ya dube su da idon nan nasa da ba ya gani sosai. Ya matsa bakinsa kusa da kafar ya ce, ƙasa-ƙasa, “Allah ya saka da alheri.” Daga ciki ba a amsa ba. Dakta ya san al'adar, mai zubawa ba ya magana.

A durƙushe ya ba mu sauran labarin. Ya ce da tsakar rana suke zuwa, lokacin da kowa ya shige ɗaki saboda zafi. Da farko uwarsa ke zuwa, daga baya ta riƙa turo shi. Ba su taɓa tarar da wurin babu komai ba. Sau ɗaya tak ya zura hannu ya ci karo da yatsun mai zubawa, yatsun suka janye da sauri kamar sun taɓa wuta. Har yau bai san ko mai gidan ne, ko matarsa, ko baiwa ba. Jikan nan da ya ce ruɗewa ce ya durƙusa ya sumbaci kan tsohon, yana kuka kamar yaro. Baƙin da na ɗauka gogar ɓeraye ce, hannuwan mutane ne.

Katanga ta tsaya, aka kai ƙofar wani gefen. Ni kuwa ranar Lahadi Muhandis ya kira ni ofis, bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, “Mu'allim, doka doka ce. Na kori wasu a kan abin da bai kai wannan ba, in na bar ka me zan ce musu?” Ban ga laifinsa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na tattara igiyata da guntun iccena na dawo ɗakin nan. Wata biyar na yi a zaune, iƙama na ta matsowa ƙarshe, Dakta na ta faɗi-tashin neman wanda zai karɓi kafalata, wato ya tsaya mini a matsayin ubangida. Daga ƙarshe ya samo mini wasu iyali masu tsohon gida a wani ƙauyen, su nake wa aiki har yau. Tubalan nan uku kuma bai bari an zubar ba. Suna can a gidan cikin akwatin gilashi, wai su ma tarihi ne. Tubalin Zariya, Habu, baƙi na ɗaukarsa hoto.

A watannin nan biyar akwai ranakun da shayi kawai na sha. Mako biyu da sallamata, na dawo daga sallar azahar na tarar da kwalin dabino a bakin ƙofar nan, can gefe bayan takalma. Babu suna, babu takarda. Na tambayi mai gadi, ya ce bai ga kowa ba, zafi ya kore shi ciki. Na kira Dakta, ya rantse ba shi ba ne, shi kuwa ba ya rantsuwa a banza. Da kwalin ya kusa ƙarewa wani ya zo, shi ma da tsakar rana. Haka aka yi ta yi. Da dabinon nan na yi azumin shekarar, da shi mu biyar na ɗakin nan muka yi buɗa-baki. Ko da na koma aiki bai daina zuwa ba.

Utaiƙa ba nisa, mota ɗaya ce daga nan, na kuma san layin da rumfar tsohon nan take. Sau biyu na sa riga zan je in yi godiya irin tamu, in durƙusa in ce a gaida mutanen gida, sau biyu na cire rigar na zauna. Wanda ya zura hannu a kafa ba ya leƙawa.

Wani wata kwalin bai zo ba. Na jira mako ɗaya, na jira biyu, sannan na kira Dakta na tambaye shi a wace maƙabarta aka kai Abu Salim. Ya ce, “Wa ya gaya maka?” Na ce babu wanda ya gaya mini.